Masu Haɗa Ƙudiri: Daga Bakin Kanal Zuwa Zauren Majalisa

Kwana uku Majalisar Tarayya take zama a zaure cikin mako: Talata, Laraba da Alhamis. Kowace safiya, kafin a shigo da sandar majalisa, akan raba wa wakilai wata takarda mai ɗauke da jerin abubuwan da za a taɓa a ranar, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan mai gabatar da shi. Ita ce takardar jadawali. Mu da ke gida ba ma ganinta. Abin da ke iso mana shi ne muryar ɗan majalisa a rediyo yana karanta ƙudiri, sai kuma bugun gudumar Kakaki. Amma ƙudirin nan sarrafaffen kaya ne. Akwai mai samo ɗanyensa, akwai mai gyara shi, akwai mai nema masa gurbi a jadawali, akwai mai rubuta abin da ya same shi a zaure, kuma da wannan aikin suke ciyar da iyalansu. Su ne hadiman 'yan majalisa, da akawunan zaure da na kwamitoci, da marubutan muhawara.

Da wuya a sami inda abincin mutane ya rataya da takardun Abuja kamar yankin noman rani na Kura da Bunkure. Ruwan da ke bin kanal yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir da albasa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Mai riƙe da ruwan kuwa ita ce Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, hukumar gwamnatin tarayya da aka kafa a 1976, kuma kuɗin aikinta sai ya bi ta hannun majalisa kafin ya fito. Ruwan ɗaya ne, amma wakilci ya rabu. Kura tana mazaɓar Kura/Madobi/Garun Malam, Bunkure tana ta Rano/Bunkure/Kibiya. A Majalisar Dattawa ma Kura tana Kano ta Tsakiya, Bunkure tana Kano ta Kudu. Wato manoman da ke shan ruwa ɗaya suna da wakilai biyu cikin 360, da sanatoci biyu cikin 109. Hadimin da ya san aikinsa riba yake gani a nan, domin ƙudirin da ya fito da sunaye biyu ya fi mai suna ɗaya nauyi.

Ɗanyen kayan wannan sana'a koke ne, kuma ba a ofis ake samunsa ba. A ƙofar masallacin Juma'a ake samunsa, da wurin ɗaurin aure, da zaman makoki, da kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, da taron ƙungiyar masu amfani da ruwa. Dattijo zai riƙe hannun hadimi ya ce, "Ɗana, ka gaya wa Honarabul ruwa ba ya iso mana." Maganar gaskiya ce, amma a haka ba ta shiga takarda. Sai hadimin ya rusuna ya shiga tambaya: "Baba, wace ƙofa ce? Kwana nawa rabonku da ruwa? Kadada nawa ce a ƙarƙashinta? Kanal ne ya fashe, ko yashi ne ya cike shi, ko ciyawar kacala ce ta toshe?" Washegari ya hau babur ya je ya gani da idonsa. Ya tsaya inda siminti ya dare ruwa ke zurarewa banza, ya ɗauki hoto da waya. Ya taka zuwa gonakin ƙarshe, inda ƙasa ta tsattsage dashen shinkafa ya fara ja. Ya tarar da waɗanda suka koma sayen fetur suna jawo ruwa da inji, alhali sun biya kuɗin ruwa. Ya rubuta sunan sashen da ranar da ruwan ya ɗauke, ya karɓi sa hannun shugabannin ƙungiya. Wannan tattakin shi ne jarin aikin, kuma yawanci daga aljihun hadimin kuɗin man babur ɗin yake fita.

Daga nan sai tantancewa, inda ake gane gwani. Ba kowane koke ne na Abuja ba. Yashe ƙaramar magudanar da ke shiga gona aikin manoma ne da ƙungiyarsu, balle tun da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya gyara kanal-kanal ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙa kula da ƙananan. Hanyar ƙauye da malaman gona na jiha ne, sai a miƙa wa ɗan majalisar jiha, ɗaya daga cikin 40 da ke zama a Kano. Madatsa da babban kanal da lokacin sakin ruwa su ne na tarayya. Hadimin kirki tun a nan yake gaya wa mai koke gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba. Wanda ke karɓar kowace takarda yana cewa an gama, farin jinin kwana biyu ya saya, kuma mai gidansa ne zai biya bashin ranar zaɓe.

Idan abin na tarayya ne, sai a zaɓi siffar da za a ba shi. In wani mutum ko wata ƙungiya ce hukuma ta zalunta, takardar koke ake rubutawa, ɗan majalisa ya ajiye ta a gaban zaure, a tura ta Kwamitin Koke-koken Jama'a, wanda zai kira ɓangarorin biyu ya saurare su. In ana son majalisa ta ja hankalin gwamnati ne, sai ƙudiri. In kuwa ana son a canza tsarin baki ɗaya, sai ƙudirin doka, wanda tafiyarsa ta fi kowacce nisa.

Rubutun ƙudiri yana da ƙira tasa. Akan fara da abin da majalisa ta lura da shi, sai abin da take sane da shi, sai abin da ya dame ta, kowanne a sakin layi guda gajere. A ƙarshe ake zuba buƙatu, kuma su ne tsokar aikin. Buƙatar da ta ce gwamnati ta duba halin da manoma ke ciki ba ta ɗaure kowa ba. Mai kyau takan kama suna: a nemi Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da Hukumar Haɗeja da Jama'are su gyara wuri kaza kafin shukar alkama, a umarci Kwamitin Albarkatun Ruwa ya bibiyi aikin ya kawo rahoto cikin mako huɗu. Kowane adadi sai an tabbatar da shi, domin injiniyoyin hukumar za su karanta, kuma kuskure ɗaya ya ishe su su ture takardar gefe.

Sannan mai rubutun sai ya san inda ruwa ke zuwa bayan ya bar Kura. Tiga ba tamu ce mu kaɗai ba. Birnin Kano na sha daga kogin da ke fita daga cikinta, sannan kogin ya gangara Jigawa, ya kai fadamun Haɗeja da Nguru. Mutanen can suna da nasu kukan: in an riƙe ruwa su ga fari, in an sake shi da yawa da damina su ga ambaliya. Ƙudirin da ya ce a ƙara wa Kura ruwa kawai zai tayar da wakilin Jigawa ko na Yobe daga kujerarsa. Wanda ya ce a toshe inda ruwa ke zurarewa a yashe kanal kuwa, shi wakilin Haɗeja zai iya tashi ya mara masa baya, tunda ruwan da aka tsirar na kowa ne. Sau da yawa hadimai tsakaninsu suke gama wannan sulhu, daga wannan ofis zuwa wancan, tun kafin iyayen gidansu su gaisa a kai.

Duk wannan da Ingilishi ake yin sa. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin majalisa da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Har yau da Ingilishi ake zaman. A Lugard Hall ta Kaduna, inda Majalisar Jihar Arewa ta zauna kafin 1966, ana magana da Hausa da Ingilishi, da tafintoci a tsakani. Ni dai wannan abu yana damuna, domin dattijon da ya kawo koken ba zai iya bin muhawarar da ake yi a kansa ba sai abin da rediyo ta tsakuro masa. Yanzu hadimin ne tafinta, zuwa da dawowa, ba tare da an ƙara masa ko kwabo a kan hakan ba.

An gama rubutu, Honarabul ya karanta ya sa hannu, sai a kai wa Kwamitin Dokoki da Tsare-tsaren Majalisa. Wannan kwamiti ne, da akawunansa, ke shirya abin da zai hau jadawalin kowace rana, tare da shugabannin majalisa. Manomin Kura zai fi kowa gane yadda abin yake, domin lokacin zaure ruwa ne a kanal: kaɗan ne, kowa na so, bi da bi ake raba shi, na bakin ƙofa ya sha ya ƙoshi, na wutsiya ya jira abin da ya rage. Tsarin mulki ya wajabta wa kowane zaure zaman kwana 181 aƙalla a shekara, ga wakilai 360, kowa da mazaɓarsa da kukanta. Saƙon Shugaban Ƙasa da kasafin kuɗi da rahotannin manyan kwamitoci su ke gaba. Ƙudirin sabon ɗan majalisa kan wani kanal a Bunkure yana iya shafe makonni a layi. Aikin hadimi a nan sintiri ne. Ya leƙa ofishin kwamitin da safe, ya gaida akawu, ya tambayi ina aka kwana, ya gyara abin da aka ce ya gyara, ya dawo gobe. Wani lokaci a sa abu a jadawali, lokaci ya ƙure ba a kai kansa ba, ko a kira sunan mai shi ba ya zaure, sai a jingine shi, a koma neman wata rana. Litinin da Juma'a, da ba a zaman zaure, ba hutu ba ne ga waɗannan mutane. A ranakun ne ake gyaran takardu, ana shirin zaman kwamitoci, ana neman gurbin mako mai zuwa.

Akwai wata 'yar gajeriyar hanya ta al'amuran gaggawa da suka shafi jama'a. Ɗan majalisa ya sami Kakaki kafin zama, ya nuna masa takardar, in ya yarda sai a nemi zaure ya jingine ƙa'ida a saurari maganar a ranar. Fashewar babban kanal, ko ambaliya, ko irin tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye tumatir a 2016, su ne kayan wannan hanya. Mai yawan bin ta da abin da ba gaggawa ba, ba a daɗewa ake daina sauraronsa.

Ranar da abin ya hau jadawali, da hantsi za a shigo da sanda a gaban Kakaki, a ɗora ta a kan teburin da akawuna ke zaune. Sai mutum 120, kashi ɗaya cikin uku, sun hallara zama ke halatta. A yi addu'a, a amince da takardar bayanin zaman da ya gabata, a karanta saƙonni da sanarwa, a karɓi koke-koke, a saurari na gaggawa, sannan a shiga jerin ayyukan ranar. In an kira Honarabul, ya miƙe ya faɗi sunansa da mazaɓarsa ya karanta. Dole wani ya tashi ya goyi baya, in ba haka ba maganar ta mutu a nan. Kakaki ya ba wasu dama su tofa albarkacin bakinsu, wani ya kawo gyara a kan buƙatun, sannan a yi ƙuri'ar murya, masu so su amsa, marasa so su amsa, guduma ta sauka. Aikin makonni yakan ƙare cikin 'yan mintoci, hadimin na can sama a wurin 'yan kallo yana bin kowane layi da ido a kwafin da ke hannunsa.

Akawunan da ke bakin teburi ba sa muhawara, amma hannunsu ba ya hutawa. Su ke rubuta wanda ya gabatar, da wanda ya goyi baya, da gyaran da aka karɓa da wanda aka ƙi, su ke tuna wa Kakaki abin da littafin ƙa'idoji ya ce in wani ya tashi da ƙorafin tsari. Bayan an tashi kowa ya tafi, su zauna su haɗa takardar bayanin zama, domin da safe sai ta kasance a shirye, ga kuma jadawalin gobe da za a buga. Su kuma marubutan muhawara, masu haɗa kundin da ake kira Hansard, karɓa-karɓa suke yi. Mutum ya zauna 'yan mintoci yana ɗaukar kowace kalma, abokinsa ya karɓe shi, ya fita ya buga abin da ya ɗauka yana gwadawa da muryar da aka naɗa, edita ya bi ya duba sunaye da adadi. Marubucin da ya fito daga Kalaba ko Ibadan bai taɓa jin Garun Malam ko Kadawa ba, don haka hadimi mai lura yakan kai masa kwafin ƙudirin ya ga yadda ake rubuta su. Bayan shekaru, abin da mutanen nan suka rubuta shi kotu da masu bincike za su ɗauka a matsayin abin da majalisa ta faɗa.

Ƙudirin doka shi ke nuna nauyin aikinsu sosai. Karatu na farko, akawu ne ke karanta sunansa kawai. A karatu na biyu ake muhawara a kan manufarsa, sai kwamiti da zaman jin ra'ayin jama'a, sai zaure duka ya rikiɗe ya zama kwamiti a bi shi sashe-sashe, a lokacin ma akan sauke sandar daga mazauninta zuwa ƙasa da shi. Sai karatu na uku, sai ɗaya zauren ya amince, sannan Akawun Majalisar Tarayya ya aika wa Shugaban Ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In aka tsallake mataki ɗaya, komai na iya rushewa. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa, wanda ya shafi hukumomin koguna irin tamu, bai tsallake Majalisar Dattawa ba a 2018. Aka dawo da shi a 2020. A watan Satumba na shekarar wani wakili daga Binuwai ya tashi ya nuna ba a sake buga shi an raba wa wakilai yadda ƙa'ida ta tanada ba, Kakaki Femi Gbajabiamila ya yanke hukuncin a janye shi.

To, ina kasuwar wannan kaya? Gaskiyar da ya kamata manomi ya sani ita ce matsayar da majalisa ta cimma a kan ƙudiri ba doka ba ce. Kira ne mai nauyi, akawu ya aika wa ɓangaren zartarwa, kwamiti ya gayyaci shugabannin hukuma su zo su yi bayani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙudiri ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar a Kaduna a watan Agusta na 1950, yana neman a sake duba tsarin mulkin En'e, kuma maganar ta girgiza Arewa. Amma kanal da siminti ake gyara shi, siminti kuwa da kuɗi, kuɗi kuma a kasafi yake. Cinikin ƙudiri yana faɗawa ne ranar da ya zama layi a kasafin hukumar, da sunan wurin da adadin kuɗin, sannan aka saki kuɗin, sannan ɗan kwangila ya iso da kayan aiki. Tsakanin guduma da wannan rana akwai wasiƙu da yawa da kiran waya da zaman jira a ofisoshi, duk a wuyan hadimi.

Abin da ake samu kuwa ya danganta da ɓangaren da mutum yake. Akawuna da marubutan muhawara ma'aikatan dindindin ne a ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisa, suna da matakin albashi da ƙarin girma da fansho. Duk da haka ba kullum ake biyansu haƙƙinsu cikin ruwan sanyi ba. A watan Disamba na 2018 ƙungiyarsu ta PASAN ta tare ƙofofin zaure kan bashin albashi da ƙarin girma, har zama ya gagara. Su kuwa hadimai, biyar ake ba kowane ɗan majalisa. Shi ke zaɓo su, hukumar ta ba su takardar kama aiki, a biya su daga kuɗin majalisa gwargwadon matakin kowa. Aikinsu a ɗaure yake da kujerar mai gida. Ranar da ya faɗi zaɓe ko kotu ta sauke shi, su ma sun sauka, kuma a zaɓen 2023 fiye da rabin wakilai ba su koma ba. An sha ganin hadimai a harabar majalisa da kwalaye suna neman bashin albashi da alawus.

Abin da ya shigo ma, hanya ce ke cinye rabinsa. Hayar gida a tsakiyar Abuja ta fi ƙarfin yawancinsu, sai su sauka a Kubwa ko Nyanya ko Mararaba, su yi asubanci su kama mota. Ga zirga-zirgar gida ta hanyar Kaduna da Zariya, ga kati da data, ga buga takardu. In ya iso Kura kuwa, kowa ya ɗauka a bakin taska yake kwana. Wannan ya kawo masa takardar asibiti, wannan ta neman aiki, wancan kuɗin taki. In ya ce babu, a ce ya yi girman kai. In aikin ya yi kyau sunan Honarabul za a kira, in ya lalace shi ake tarewa a hanya. Ba a koyon sana'ar a wata makaranta guda. Wasu lauyoyi ne, wasu tsofaffin malaman makaranta ko 'yan jarida, wasu kuma wahalar kamfen ce ta ba su kujerar, sai sun shiga suke fara koyo. Cibiyar nazarin harkokin majalisa ta NILDS a Abuja tana ba da horo, amma yawancin ilimin a wurin tsofaffin akawuna ake tsintarsa, waɗanda suka ga majalisu da yawa sun zo sun wuce. Ina ganin duk ɗan majalisar da ke wakiltar yankin noman rani, ya kamata cikin biyar ɗin nan a sami ko da mutum ɗaya da ya taɓa riƙe fartanya yana jiran ruwa cikin dare.

Irin wannan hadimin ne zai san cewa kalandar majalisa da ta gona ba sa tafiya tare. Majalisa takan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa wajen ƙarshen Satumba, kasafin kuɗi yakan zo cikin watannin ƙarshen shekara, alkama kuwa a Nuwamba take son shiga ƙasa. Kukan da aka kawo a Disamba, lokacin da yabanya ta riga ta ji ƙishi, ya makara ga wannan rani. Saboda haka tun ana girbin alkama yake fara tattara hotuna da sa hannu, ya nemi ƙudirin ya hau jadawali kafin hutu, ya kai kwafin matsayar ofishin hukumar a Kano lokacin da suke haɗa buƙatunsu na shekara mai zuwa. Ranar da shugabannin hukumar suka zo gaban kwamiti kare kasafinsu, yana zaune a bayan Honarabul da fayil a cinya, ya buɗe shafin da sunan ƙofar ruwan yake.